Tsakanin Kamu da Ɗauri: Yadda Ɓarayin Biro Ke Shirin Fuskantar Hukunci a Kotunan Amurka



Ranar 29 ga Yunin 2009, a wata kotun tarayya da ke birnin New York, wani dattijo ɗan shekara 71 mai suna Bernard Madoff ya miƙe tsaye domin jin hukuncinsa. Babu sauran jayayya kan laifinsa, domin tun watan Maris ya amsa duk tuhume-tuhume 11 da aka yi masa. Shekara da shekaru yana karɓar kuɗin jama'a da sunan zai juya musu a kasuwar hannun jari, alhali kuɗin sabon shiga yake ɗauka ya biya tsohon shiga, ya ce riba ce. Takardun bogi da yake aika wa masu zuba jari sun nuna suna da kusan dala biliyan 65 a hannunsa. Lauyansa, Ira Sorkin, ya roƙi a ɗaure shi shekara 12. Ofishin da ke ba kotu shawara ya ce 50. Alƙali Denny Chin ya yanke masa 150.

Madoff ya yi magana a ranar. Har ma ya juya ya fuskanci waɗanda ya cuta, ya ce su yi haƙuri, ya kuma ce ya san ban haƙurin ba zai amfane su da komai ba. Amma alƙalin ya riga ya karanta abin da ya fi waɗannan kalmomi nauyi. Ya ba da labarin wata mata da mijinta ya rasu, ta je wurin Madoff cikin takaba, shi kuwa ya dafa kafaɗarta ya tabbatar mata kuɗinta na nan lafiya, har ta ƙara zuba wasu. Ya ce bai gamsu cewa Madoff ya faɗi duk abin da ya sani ba, ko ya yi iya ƙoƙarinsa wajen taimakawa a gano dukiyar. Sannan ya ambaci wani abu da lauyoyi ba su manta da shi ba har yau: a irin wannan shari'a kotu takan cika da wasiƙun 'yan uwa da abokai da ke shaidar alherin mai laifi, amma ga Madoff ko guda ɗaya ba ta zo ba. A gidan yarin Butner ya mutu cikin Afrilun 2021.

Laccar yau tana kan 'yan watannin da ke tsakanin ranar da aka tabbatar wa mutum laifi da ranar da za a yanke masa hukunci. 'Yan jarida ba su cika kula da wannan tsakani ba, alhali a nan ne ake yin ainihin gwagwarmayar. A kotunan tarayyar Amurka, kusan 97 cikin 100 na waɗanda ake samu da laifi da bakinsu suke amsawa, ba a kai ga kiran shaidu ba. Ke nan ga mafi yawan ma'aikatan banki da akantoci da shugabannin kamfanoni da aka kama da almundahana, tambayar ko za a same su da laifi ta wuce. Abin da ya rage shi ne shekara nawa, a wane gidan yari, kuma nawa za su biya.

Amurkawa sun mai da amsar wannan tambaya lissafi. A 1984 majalisarsu ta yi dokar gyaran tsarin hukunci, ta soke sakin talala da ake yi wa fursunonin tarayya kafin wa'adinsu ya cika, ta kafa hukumar tsara ma'aunin hukunci. Ma'aunin ya fara aiki a watan Nuwamban 1987. Jadawali ne mai matakan laifi 43 daga sama zuwa ƙasa, da rukuni shida na tarihin laifukan mutum daga hagu zuwa dama. Inda layukan biyu suka haɗu, nan alƙali zai ga adadin watanni. A laifukan zamba, yawan asarar da aka jawo shi ne jagora. Asarar da ta haura dala 6,500 tana ƙara mataki biyu, ana ta hawa har a kai wadda ta haura dala miliyan 550, mai ƙara mataki 30.

Ga misali, a ɗauki akantan kamfani da bai taɓa shiga hannun hukuma ba, ya yi sama da faɗi da dala miliyan huɗu. Idan aka ajiye sauran ƙananan ƙari da ragi a gefe, laifinsa yana farawa daga mataki na 7, girman asarar ya ƙara 18, cin amanar muƙaminsa ya ƙara 2. Ya zama 27, wato wata 70 zuwa 87. To idan ya amsa laifi da wuri, kotu ta gamsu ya ɗauki alhakin abin da ya yi, za a rage masa mataki uku, ya dawo wata 51 zuwa 63. Idan kuwa ya musanta, ya hau mumbarin shaida ya yi rantsuwa kan ƙarya, za a ƙara masa biyu saboda kawo wa shari'a cikas, ya tashi zuwa wata 87 zuwa 108. Kuɗin da ya sata ba su canza ba. Halinsa bayan kamu kaɗai ya kawo tazarar shekara uku ko fiye. Kuma wanda aka yanke wa hukuncin tarayya yakan yi kusan kashi 85 cikin 100 na wa'adinsa, sai dai rangwamen da dokar 2018 ta ƙara wa masu shiga shirye-shiryen gyaran hali.

A 2005, a shari'ar Booker, Kotun Ƙolin Amurka ta ce jadawalin nan shawara ce, bai zama dole ba. Alƙali zai fara da lissafin, sannan ya dubi laifin da kuma mutumin, tarihinsa da halinsa, ya yanke hukuncin da ya wadatar ba tare da ya wuce kima ba. Daga nan ne shirin fuskantar hukunci ya zama babban aiki, domin an buɗe ƙofar da mai laifi zai nuna wa kotu ko shi wane ne.

Ƙofar tana buɗewa ne a wani ƙaramin ofis, ba a zauren kotu ba. Wani jami'in kotu mai binciken halin masu laifi zai zaunar da mutumin, galibi tare da lauyansa, ya yi masa tambayoyi tun daga gidan da aka haife shi: iyaye, karatu, aure, lafiya, shaye-shaye, bashi, kadara, da yadda shi kansa yake kallon laifin. Zai tuntuɓi iyali da wuraren aiki ya tabbatar. Rahoton da zai rubuta dole ya isa hannun ɓangarorin biyu aƙalla kwana 35 kafin ranar hukunci, su kuma suna da kwana 14 su nuna inda ba su yarda ba. Masu kuɗi da yawa sun raina wannan zama, suna ganin jami'in ƙaramin ma'aikaci ne, suka shiga da girman kai ko da ɗora laifi kan wasu, suka fito da rahoton da ya ce ba su yi nadama ba. Rahoton nan kuwa ba a kotu yake tsayawa ba. Yana bin fursuna har gidan yari, da shi ake duba inda za a ajiye shi da shirin da ya cancanci shiga. Akwai shirin warkar da masu shaye-shaye da ke iya rage wa mutum har shekara guda. Wanda kunya ta hana shi faɗa wa jami'in cewa yana fama da giya, zai sha wuya daga baya kafin a yarda da shi.

Babu shari'ar da ta nuna tasirin wannan duka kamar ta kamfanin FTX, dandalin cinikin kuɗin kirifto da ya durƙushe a Nuwamban 2022, aka wayi gari kusan dala biliyan 8 na masu ajiya sun salwanta. Mutum biyar daga cikin shugabanninsa suka gurfana, duka a gaban alƙali guda, Lewis Kaplan.

Mai kamfanin, Sam Bankman-Fried, ya zaɓi ya yi ta magana. Bayan rushewar ya yi ta hira da 'yan jarida yana cewa kuskure ne da sakaci. Yana kan beli ya miƙa wa jaridar New York Times rubuce-rubucen sirri na Caroline Ellison, tsohuwar budurwarsa kuma babbar mai ba da shaida a kansa, abin da ya sa aka soke belin a Agustan 2023. Ya ba da shaida da kansa, masu taya alƙali shari'a ba su gaskata shi ba, suka same shi da laifi a tuhuma bakwai ranar 2 ga Nuwamba. Da aka zo batun hukunci, jadawali ya ƙure, lissafi ya tsaya a shekara 110. Masu gabatar da ƙara suka nemi 40 zuwa 50. Lauyoyinsa suka nemi wata 63 zuwa 78, suna kafa hujja da cewa farashin kadarorin kamfanin ya tashi, masu ajiya za su sami kuɗinsu. Kaplan ya yi watsi da hujjar. Ya ce ɓarawon da ya ɗauki kuɗin sata ya tafi Las Vegas ya yi caca ya ci, ba ya cancanci rangwame don ya biya da abin da ya ciyo. Ya tabbatar cewa Bankman-Fried ya yi ƙarya bayan rantsuwa har sau uku, kuma ya yi yunƙurin juya mai shaida. Saurayin ya yi dogon jawabi, ya ce ya yanke shawarwari marasa kyau, ya ce abin da ya faru ya dame shi. Alƙalin ya ce bai ji kalmar nadama ko ɗaya kan aikata manyan laifuka ba. Ranar 28 ga Maris 2024 ya ɗaure shi shekara 25, yana ɗan shekara 32, tare da umarnin ƙwace dala biliyan 11.

Caroline Ellison ita ce ke shugabantar Alameda, kamfanin da aka riƙa karkatar da kuɗin masu ajiya zuwa cikinsa. Hannunta dumu-dumu yake a cikin laifin, kuma lissafin jadawalinta shi ma shekara 110 ne. Amma tun Disamban 2022, wata guda bayan rushewar, ta amsa laifi. Ta zauna da masu bincike kusan sau 20. Ta bayyana musu yadda ta shirya takardun lissafin kuɗi iri bakwai domin a zaɓi wanda zai fi rufe idon masu ba da bashi. Ta yi kwana uku tana ba da shaida, ba ta sassauta wa kanta ba. Kaplan ya ce a shekara 30 da ya yi yana alƙalanci bai ga mai ba da haɗin kai kamarta ba, kuma ya yarda nadamarta ta gaske ce. Duk da haka ya ce girman ɓarnar ya fi ƙarfin a sallame ta haka kawai. Shekara biyu ya ba ta a Satumban 2024.

Gary Wang, wanda ya rubuta manhajar da ta bai wa Alameda damar ɗibar kuɗin ba iyaka, shi ya riga kowa zuwa wurin hukuma, daga baya ma ya ƙera mata manhajar gano zamba. Shi da Nishad Singh, wanda bai fahimci girman ramin ba sai ana saura wata biyu kamfanin ya faɗi, ba wanda aka tura gidan yari. Ryan Salame ya amsa nasa laifin, wanda ya shafi zuba kuɗi a siyasa ba bisa ƙa'ida ba da hada-hadar kuɗi ba lasisi, amma bai ba da shaida kan kowa ba. Ya sami shekara bakwai da rabi, fiye da abin da masu gabatar da ƙara suka nema.

Dole a yi adalci a nan. Matsayin mutanen biyar ba ɗaya ba ne, kuma ba nadama kaɗai aka saka wa Ellison da Wang ba. Hukuma ta sayi shaidarsu ne da sassauci, kamar yadda ta yi a baya. A shari'ar WorldCom, shugaba Bernard Ebbers ya sami shekara 25 a 2005, ma'ajinsa Scott Sullivan da ya ba da shaida ya sami biyar. A ta Enron, shugaba Jeffrey Skilling ya fara da shekara 24 da wata huɗu kafin a rage zuwa 14, ma'ajin kamfanin Andrew Fastow da ya ba da shaida ya sami shida. Wanda ke saman tsani ba shi da wanda zai tona, don haka wannan hanya a rufe take gare shi. Abin da ke buɗe ga kowa shi ne ya daina ƙarya tun da wuri, ya daina ɓoye dukiya, ya kira laifinsa da sunansa. Madoff yana kan beli ya aika wa danginsa agoguna da kayan ado na sama da dala miliyan ɗaya ta gidan waya. Duk abin da zai faɗa bayan wata shida, wannan ƙunshi ya riga shi isa gaban alƙali.

Me alƙalan suke saurare idan mai laifi ya tashi yin maganarsa ta ƙarshe? Wani alƙalin tarayya, Mark Bennett, da wani malamin shari'a, Ira Robbins, sun tambayi takwarorinsa, sama da 500 suka amsa, aka buga sakamakon a 2014. Abubuwan da suka fi taɓa su su ne nadama ta gaske, da neman gafarar waɗanda aka cuta, da fahimtar girman laifin, da tsarin rayuwa mai ma'ana bayan fita. Waɗanda ba sa burge su sun haɗa da mai laifi ya mai da kansa abin tausayi da yanayi ya tilasta wa, da alkawarin ba zai sake ba, da shelar cewa ya rungumi addini bayan kamu. Ga masu sauraro a wannan zaure, babu baƙon abu a ciki. Malamanmu sun daɗe suna karantar da cewa tuba tana da sharuɗɗa: nadama, da barin saɓon, da ƙudurin rashin komawa, kuma idan haƙƙin wani ne, sai an mayar masa da abinsa. Sharaɗin ƙarshen nan shi ne dokar Amurka ta 1996 ta wajabta, ta ce dole kotu ta umarci mai zamba ya biya waɗanda ya cuta. Lauya mai basira ba ya jira a ba da umarnin. Yana sa wanda yake karewa ya sayar da gida ko mota, ya fara biya, ya zo kotu da rasit.

Haka ma wasiƙun shaida. Wadda ta ce wane mutumin kirki ne, ba zai taɓa aikata haka ba, cutar da shi take yi, domin tana nuna bai faɗa wa na kusa da shi gaskiya ba. Wadda ke da amfani ita ce ta wanda ya san laifin, ya kuma kawo abin da ya gani da idonsa: ya biya wa ɗan direbansa kuɗin makaranta shekaru kafin a kama shi, ya kwana asibiti da maƙwabci.

Sai dai inda duk aka ce akwai rangwame, kasuwa za ta buɗe. A yau akwai masu sana'ar shirya mutum domin hukunci, da yawansu tsoffin fursunoni ne da suka taɓa zama 'yan kasuwa ko lauyoyi. Suna koyar da yadda za a amsa tambayoyin jami'in kotu, suna taya rubuta tarihin rayuwa, suna haɗa bidiyon iyali, suna nemo aikin sa-kai. Wani ɓangare na aikinsu alheri ne: mutumin da ya saba ba da umarni yana buƙatar wanda zai gaya masa ido da ido cewa shi ɓarawo ne, kuma akwai tsohuwar da ta rasa kuɗin fanshonta saboda shi. Wani ɓangaren kuwa kwalliya ce, kuma abin damuwa shi ne mai kuɗi kaɗai ke iya sayenta. Yaron da aka kama da ƙullin ƙwaya a unguwar talakawa ba shi da mai haɗa masa bidiyo.

Shari'o'i biyu sun nuna wannan gibi. Rajat Gupta, tsohon shugaban kamfanin McKinsey, an same shi da laifin tsegunta sirrin bankin Goldman Sachs ga wani mai juya hannun jari. Bai amsa laifi ba. Wasiƙu ɗaruruwa suka zo, har da ta Bill Gates da ta Kofi Annan, lauyoyinsa suka ba da shawarar a tura shi aikin jinƙai a Ruwanda maimakon kurkuku. Alƙali Jed Rakoff, wanda ya daɗe yana sukar yadda jadawalin ke bauta wa alƙaluman kuɗi, ya ƙi shawarar Ruwanda, amma shekara biyu kawai ya ba shi a 2012, da tarar dala miliyan biyar. Sai kuma abin da ya faru a jihar Kalifoniya cikin Nuwamban 2022. Ranar 7 ga wata aka yanke wa ɗan Najeriya Ramon Abbas, wanda aka fi sani da Hushpuppi, wata 135. Ya amsa laifin haɗa baki wajen halasta kuɗin haram tun 2021, ya rubuta wa alƙali wasiƙa da hannunsa yana neman gafara, aka umarce shi ya biya kimanin dala miliyan 1.7. Ranar 18 ga wata aka yanke wa Elizabeth Holmes ta kamfanin Theranos, wadda ta yaudari masu zuba jari da na'urar gwajin jini da ba ta aiki. Ta musanta har ƙarshe, ta zo da wasiƙu sama da 130, har da ta wani sanata, kuma daga baya aka ɗora mata biyan dala miliyan 452 tare da abokin laifinta. Ita ma wata 135. Laifukan sun bambanta, alƙalan sun bambanta, kuma Abbas ba abin tausayi ba ne, ya talauta mutane yana baje kolin dukiyarsu a Instagram. Amma duk wanda ya ce ɗaukar alhaki ne kaɗai ke magana a waɗannan kotuna, bai faɗi gaskiya duka ba. Matsayi da sanayya su ma suna magana.

Najeriya ma tana da nata tsarin amsa laifi domin sassauci, kuma tarihinsa ya bar ɗaci a bakin jama'a. Tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda Tafa Balogun ya sami wata shida a 2005. Cecilia Ibru ta bankin Oceanic ta sami wata shida a 2010, ko da yake ta sallama kadarori na kusan naira biliyan 190. A Janairun 2013, John Yakubu Yusuf ya amsa laifi a badaƙalar kuɗin fanshon 'yan sanda ta sama da naira biliyan 20, aka ba shi zaɓin tarar naira 750,000, ya biya ya tafi gida. Sai a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mai da hukuncin ɗaurin shekara shida da biyan naira biliyan 22.9. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, a sashe na 270, ta zo ta shimfiɗa ƙa'idojin wannan yarjejeniya, ta sa a dubi wanda aka cuta da batun mayar da dukiya. Abin da har yanzu ya yi ƙaranci shi ne abin da ya ba tsarin Amurka ƙarfinsa duk da aibobinsa: bincike mai zaman kansa kan mai laifi kafin hukunci, da damar da waɗanda aka cuta ke samu su tsaya su yi magana, kamar yadda mutum tara suka yi a ranar hukuncin Madoff, da alƙalin da zai bayyana dalilansa dalla-dalla a bainar jama'a. A kotunanmu roƙon sassauci yakan ƙare a jimloli uku da kowa ya haddace: laifinsa na farko ne, yana da mata da 'ya'ya, ba shi da lafiya.

Ku lauyoyi da ɗaliban shari'a da ke wannan zaure, wata rana irin wannan mutum zai zauna a ofishinku, da babbar riga da zufa a goshi. Kafin ku rubuta masa roƙon sassauci, ku sa ya lissafa sunayen waɗanda ya cuta da abin da kowannensu ya rasa, ku tambaye shi nawa zai iya mayarwa a wannan wata, kuma ku hana shi taɓa takarda ko kiran mai shaida. Ku kuma 'yan jarida, idan aka sanar da yarjejeniyar sassauci, ku nemi a nuna muku adadin da aka dawo da shi da hannun da ya shiga.